Hawan Keke Don Lafiya a Ƙasar Yauri da Bakin Tafkin Kainji

Hawan keke yana cikin hanyoyin motsa jiki da likitoci suka fi ba masu hawan jini, ciwon suga, ƙiba da ciwon gwiwa shawarar su riƙa yi. Dalili kuwa shi ne yana sa zuciya da huhu da manyan tsokokin cinya aiki na tsawon lokaci, alhali nauyin jiki yana kan sirdi, gwiwa da idon sawu ba sa shan dukan ƙasa irin wanda suke sha a wajen gudu. A masarautar Yauri, wato ƙananan hukumomin Yauri, Ngaski da Shanga na jihar Kebbi, keke ba baƙon abu ba ne. Da shi manomi ke zuwa gona, da shi ake fito da albasa da busasshen kifi bakin titi, kafin babur ya zo ya ture shi gefe. Abin da majiyyaci da iyalinsa ke buƙatar sani shi ne yadda za a hau shi don lafiya: a kan wace hanya, a wane lokaci, na minti nawa, da kuma wanda bai kamata ya hau ba sai likita ya duba shi.

Me hawan keke ke yi wa jiki?

A ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a shekarar 2020, ana son kowane baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, yaro ɗan shekara 5 zuwa 17 kuma minti 60 a kowace rana. Minti 150 shi ne rabin awa sau biyar a mako. Hanya mafi sauƙi ta gane matsakaicin motsa jiki ita ce gwajin magana: mutum yana tuƙi, numfashinsa ya ɗan ƙaru, gumi ya fara tsatsafowa, amma yana iya hira da abokin tafiyarsa. Idan ba ya iya haɗa jimla guda sai ya tsaya ya ja numfashi, to ya wuce gona da iri, sai ya rage.

Ga mai hawan jini, irin wannan motsa jiki idan aka dawwama a kansa yana rage lambar sama ta awon jini da kimanin 5 zuwa 8. Wannan ya kusa abin da wasu ƙwayoyin magani ke yi, sai dai ba ya zama dalilin ajiye magani. Ga mai ciwon suga, tsokar da ke aiki tana jan suga daga cikin jini, kuma jiki yana ƙara jin insulin har zuwa kwana ɗaya ko biyu bayan an sauka. Shi ya sa ake hana mai suga ya yi fashin fiye da kwana biyu a jere. Wani babban bincike da masana na Jami'ar Glasgow suka wallafa a shekarar 2017, wanda ya bi diddigin mutane sama da 260,000 a Birtaniya, ya gano cewa masu zuwa wurin aiki a kan keke sun fi masu zuwa a mota ƙarancin mutuwa da kashi 41 cikin ɗari a tsawon shekarun binciken. Hanyoyin can da yanayinsu daban suke da namu, amma zuciya da jijiyoyin jini iri ɗaya ne.

Akwai kuma amfanin barci mai daɗi, raguwar damuwa da sauƙin bayan gida ga masu yawan taurin ciki. Game da rage ƙiba, gaskiyar magana keke shi kaɗai ba ya rage ta sosai idan kwanon tuwo da lemon kwalba suna nan yadda suke.

Yanayin ƙasar da hanyoyin da suka dace

An gina madatsar ruwa ta Kainji a kan kogin Kwara tsakanin 1964 da 1968. Tafkin da ta haifar ya kai tsawon kusan kilomita 135, kuma garin Yelwa, hedikwatar masarautar Yauri, yana can ƙarshensa na arewa. Ruwan ya cinye tsohon garin Busa da gungu da dama, aka tashi mutane sama da 40,000 aka sake masu mazauni a kan tudu, cikinsu har da Gungawa da Kambari masu yawa. Wannan tarihi ya shafi mai keke kai tsaye, domin sababbin ƙauyuka da tungayen masunta da ke jere a gaɓar ruwa kusan duk suna da hanyar burji ko turba da ta haɗa su da babbar hanya. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce mai 'yan hawa da gangara marasa tsanani, ga fadamun shinkafa da albasa, ga itatuwan ɗorawa da kaɗanya da mangwaro masu ba da inuwa. Irin wannan ƙasa ce ta dace da mai farawa da dattijo.

Babbar hanyar da ta taso daga Kontagora ta ratsa Yelwa ta nufi Koko, Jega da Sakkwato ba wurin motsa jiki ba ce. Tireloli da tankokin mai da manyan motocin kaya ne ke bin ta dare da rana, gefenta a wurare da yawa ya zaizaye, kuma iskar da babbar mota ke kaɗawa idan ta wuce ta isa ta kayar da mai keke. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna mutane kusan miliyan 1.19 ke mutuwa a hatsarin hanya duk shekara, fiye da rabinsu kuma masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da babur. Idan dole sai an tsallaka ta, a sauka a tura keken.

Mazaunin Yelwa zai fi samun natsuwa a hanyoyin da suka bi gefen kogi wajen Zamare da ƙauyukan da ke kusa, da sassafe kafin 'yan kabu-kabu su cika hanya. A Ngaski, hanyoyin da ke kewayen Wara da Libata da waɗanda ke gangarawa tungayen bakin tafki ba su cika cunkoso ba sai ranar kasuwa. A Shanga ma haka, hanyoyin gona da na fadama da ke tsakanin ƙauyuka sun wadatar. A guji ranar kasuwar kowane gari, domin a ranar ne motocin kaya, babura da dabbobi ke haɗuwa a ƙaramar hanya.

Ba a buƙatar doguwar tafiya. A matsakaicin tuƙi a kan burji, rabin awa bai wuce kilomita 6 zuwa 8 ba, wato a je kilomita 3 ko 4 a juyo. Ga majiyyaci, kewaya ƙaramar hanya ɗaya sau biyu ko uku kusa da gida ya fi a yi nisa zuwa inda babu mai taimako idan jiri ya kama shi.

Maganar tsaro ma tana cikin maganar lafiya. Tun bayan harin da 'yan bindiga suka kai Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri ranar 17 ga Yunin 2021, kowa a yankin ya san hanyoyin daji ba su da tabbas, kuma hanyar da ke lafiya a wannan wata tana iya ɓaci a wata mai zuwa. A tambayi mutanen gari, direbobi da mai unguwa kafin a ɗauki sabuwar hanya. A fita mutum biyu ko uku, a gaya wa mutanen gida inda za a da lokacin dawowa, a riƙe waya mai caji, kuma kada magariba ta yi wa mutum a waje. Hanyar da babu kowa a kanta sam ba ita ake nema ba. Ana neman wadda mota ta yi ƙaranci amma manoma da masu kiwo suna kai da kawowa.

Wanda zai shiga jirgi da kekensa don ƙetara ruwa ya tuna da jirgin da ya kife kusa da Wara a watan Mayun 2021, inda mutane masu yawa suka rasu. Kada a shiga jirgin da aka yi wa lodin da ya wuce ƙa'ida, kada a shiga babu rigar ruwa. Akwai dorina a kogin a wajajen Yauri, tana fitowa kiwo da dare ta koma da asuba, don haka kada a bi turbar da ke manne da ruwa da duhu-duhu.

Lokacin fita da matsalar zafi

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu shi ne lokaci mafi daɗi: hanya ta bushe, safiya da sanyi. Illarsa ƙura ce. Mai asma ya shaƙi maganin buɗe ƙirjinsa kamar minti 15 kafin ya fita idan likita ya rubuta masa hakan, ya tafi da shi a aljihu, ya rufe hanci da baki da takunkumi ko rawani, ranar da hazo ya yi kauri kuma ya haƙura. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take kaɗawa. Dabara ita ce a fuskance ta a wajen tafiya lokacin da ƙarfi yake nan, ta turo mutum daga baya a wajen dawowa.

Maris da Afrilu su ne masu haɗari, lokacin da zafin rana a Yelwa kan kai digiri 40. A bazara a fita bayan sallar asuba da gari ya waye, a dawo kafin ƙarfe 9. A sha kofi ɗaya ko biyu na ruwa kafin fita, a tafi da gora, a riƙa kurɓa duk bayan minti 15 zuwa 20 ba sai an ji ƙishirwa ba. Fitsari mai duhu kamar ruwan shayi alama ce ta ƙarancin ruwa a jiki. Idan an yi gumi sosai, ruwan gishiri da suga yana taimakawa: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na suga a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Mai ciwon ƙoda ko gazawar zuciya da aka ƙayyade wa ruwa da gishiri kada ya bi wannan sai da izinin likitansa, haka mai ciwon suga.

Ciwon kai, jiri, tashin zuciya, ɗaurewar tsoka da kasala mai tsanani alamun galabaita ne saboda zafi. A tsaya nan take, a shiga inuwa, a sassauta tufafi, a sha ruwa. Idan mutum ya fara sambatu, ya rikice, ya yi jijjiga ko ya suma, jikinsa ya yi zafi rau, wannan bugun zafin rana ne kuma yana kisa. A kwara masa ruwa a duk jiki, a yi masa fifita, a ci gaba da haka har a cikin motar da za ta kai shi asibiti. Kada a ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa ruwa a baki.

A damina hanyoyin burji suna yin taɓo da santsi, rafuka irin su Malando da ke zuba cikin tafkin suna cika cikin ɗan lokaci. Ba a ƙetara ruwa mai gudu da keke ko da bai wuce gwiwa ba. A watan azumi a rage tsawon tuƙin da ƙarfinsa. Mai ciwon suga da ke azumi ya tattauna da likita tun kafin watan ya kama, kuma ya karya azumi idan awon sugansa ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300.

Ruwan tafki da tsargiya

Wanda ya yi tuƙi ya yi gumi ya iso bakin ruwa, ransa zai so ya wanke fuska, ya yi alwala ko ya faɗa ciki. A nan ne ake ɗaukar tsargiya, cutar da ta daɗe a ƙauyukan bakin Kainji. Tsutsar cutar tana girma a jikin wasu ƙananan dodon koɗi da ke zama a ruwa marar gudu mai ciyayi, ta fito tana iyo, ta huda fatar mutum cikin 'yan mintoci ba tare da ya ji komai ba sai ɗan ƙaiƙayi. Bayan makonni ko watanni sai jini ya fara biyo ƙarshen fitsari. A wasu wurare ana ɗaukar wannan a matsayin alamar balagar yaro namiji, alhali cuta ce. Idan ta daɗe tana jawo ƙarancin jini, toshewar hanyar fitsari, lalacewar ƙoda da sankarar mafitsara, a mata kuma tana taɓa al'aura da mahaifa.

Mai keke ya tafi da ruwansa na sha da na alwala daga gida, kada ya wanke keken yana tsaye cikin ruwan tafki. Wanda ya ga jini a fitsari ya je a gwada fitsarin. Maganin ƙwayar praziquantel ce, ana auna ta da nauyin jiki, miligiram 40 a kan kowane kilo, kuma a sha bayan an ci abinci. Maganin ba ya hana sake kamuwa idan aka koma ruwan. Fita da duku-duku ko da almuru a bakin fadama kuma yana haɗa mutum da sauro, don haka zazzaɓin da ya biyo baya a gwada jini, kada a ce gajiyar keke ce.

Wa ya kamata ya ga likita kafin ya fara?

Duk wanda ke jin ciwo ko nauyi a ƙirji idan ya yi aiki, mai haki da ɗan ƙaramin motsi, mai kumburin ƙafafu, wanda ya taɓa suma ko shanyewar ɓarin jiki, da wanda aka yi wa tiyata kwanan nan, ya fara ganin likita. Mai hawan jini ya auna kafin ya fita. Idan awon ya kai 180 bisa 110, a ajiye keken a je asibiti a daidaita magani tukuna. Magungunan da ke sa yawan fitsari suna saurin busar da jiki a zafi. Atenolol da propranolol suna rage bugun zuciya, don haka mai shan su ya dogara da gwajin magana, ba ƙirga bugu ba. Kada a sauka daga keke kwatsam bayan tuƙi mai ƙarfi, a yi minti 5 na ƙarshe a hankali, domin jini kan faɗi a ji jiri.

Mai ciwon suga da ke allurar insulin ko shan glibenclamide shi ne ya fi fuskantar faɗuwar suga. Idan awo kafin fita bai kai 100 ba, ya ɗan ci wani abu. Ya tafi da dabino uku ko ƙwayar suga huɗu ko alewa a aljihu. Rawar jiki, gumi mai sanyi, yunwa kwatsam da gani dishi-dishi alamu ne na ya tsaya ya ci, ya jira minti 15 kafin ya motsa. Kada a yi allurar insulin a cinya dab da hawa keke, domin tsokar da ke aiki tana sa maganin ya shiga jini da sauri. Mai shan metformin kaɗai ba kasafai sugansa ke faɗuwa ba. Takalmi rufaffe da safa wajibi ne, silifas ba ya kare yatsu daga feda da dutse, kuma a duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu duk bayan dawowa. Ƙaramin rauni a ƙafar mai suga shi ne mafarin gyambon da ke kai ga yanke ƙafa.

Mai sikila zai iya tuƙi mai sauƙi a lokacin sanyin safiya da ruwa wadatacce, ban da tsere, ban da hawan tudu, ban da fita cikin tsananin sanyin hunturu. Mai farfaɗiyar da ba ta lafa da magani ba kada ya hau hanya, musamman kusa da ruwa. Mai juna biyu, dattijon da ke yawan tangaɗi da mai raunin gani sun fi samun kwanciyar hankali da keken motsa jiki na cikin gida ko tafiya a ƙasa. Matan da ba su saba hawa keke a waje ba ma haka, keken cikin gida yana ba da amfani iri ɗaya ga zuciya da suga.

Mai farawa ya yi minti 10 sau uku a makon farko, ya riƙa ƙara minti 5 duk mako har ya kai rabin awa, sannan ya ƙara yawan ranaku. Ciwon cinya na kwana ɗaya ko biyu a farko ba komai ba ne. Ciwon gaɓa da kumburi kuwa alama ce ta a dakata.

Gyaran keke da zaman sirdi

Tsohon Raleigh ko Phoenix marar giya ya isa a wannan ƙasa, muddin birki biyu suna kamawa, taya na da iska, ƙararrawa na aiki. Kuskuren da aka fi gani shi ne sirdi ya yi ƙasa, gwiwa tana lanƙwashewa sosai a kowane juyi, daga nan ciwon gaban gwiwa ya taso. Ga yadda ake gwadawa: a zauna, a ɗora diddige a kan feda tana can ƙasa, ƙafar ta miƙe sosai. Idan aka mayar da gaban ƙafa kan fedar, gwiwa za ta ɗan rusuna kaɗan, nan ne daidai. Mai faci zai ɗaga ko ya sauke sirdin cikin minti biyu. A tafi da famfo da kayan faci, domin ƙaya ta yi yawa a hanyoyin gona. Babbar riga da wando mai faɗi suna shiga sarƙa, a naɗe su. Tufafi masu haske sun fi, don direba ya hango mutum daga nesa. Hular kwano ta keke tana rage munanan raunukan kai da kusan kashi biyu cikin uku, hular zanna ba ta tare komai.

Mutane da yawa suna tambaya ko keke na jawo basir ko rage ƙarfin namiji. Keke ba ya haifar da basir, sai dai sirdi mai tauri yana tsananta wanda ya riga ya kumbura, don haka a huta har ya lafa. Doguwar zama a kan siririn sirdi da bakinsa ya ɗaga sama tana danne jijiyoyin da ke tsakanin dubura da maraina, a ji wurin ya mutu na ɗan lokaci. Maganinsa sirdi mai faɗi da aka daidaita a kwance, da miƙewa tsaye a kan feda na 'yan daƙiƙoƙi duk bayan minti 10. Abubuwan da suka fi raunana namiji su ne ciwon suga, hawan jini, ƙiba da taba, kuma keke yana taimakawa a kan uku na farko. Mai kumburin gwaiwa ko ƙaba ya bari a duba shi tukuna.

Idan an faɗi ko wani abu ya faru a hanya

Ƙujewa da yanka a wanke su da ruwa mai tsabta da sabulu har ƙasa ta fita, a rufe da ƙyalle mai tsabta. Ba a zuba ƙasa, toka, man birki ko fetur a rauni. Rauni mai zurfi ko mai datti yana buƙatar allurar rigakafin tatanus. Cizon kare a wanke shi da sabulu da ruwa na tsawon minti 15, a je asibiti a ranar don rigakafin ciwon haukan kare, ko da cizon ƙarami ne. Saran maciji, wanda ya fi faruwa a turbar gona lokacin shuka da girbi, ba a tsaga shi, ba a tsotsa, ba a ɗaure da igiya. A hana ƙafar motsi, a ɗauki mutumin a babur ko mota, kada ya tuƙa kansa.

A garzaya asibiti idan an bugu a kai kuma aka suma ko na ɗan lokaci ne, ko aka yi ta amai, ko barci mai nauyi ya kama mutum, musamman mai shan maganin tsinka jini irin su warfarin. Haka idan ciwon ƙirji ya taso yana tafiya hannu ko muƙamuƙi, ko baki ya karkace, magana ta sarƙe, hannu ko ƙafa ta mutu. Wanda ake zargin ya karye a wuya ko baya kada a naɗe shi a kan babur, a kwantar da shi a kan abu mai tauri. Babban Asibitin Yauri da ke Yelwa da na Wara su ne na kusa, daga nan ake tura masu buƙatar ƙwararru zuwa Birnin Kebbi ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Lambar gaggawa ta hukumar kiyaye haɗurra ita ce 122, ta ƙasa baki ɗaya kuma 112. Yana da kyau majiyyaci ya riƙe 'yar takarda a aljihu mai ɗauke da sunansa, cutarsa, magungunan da yake sha da lambar wani ɗan'uwa, domin wanda zai tsince shi a hanya ya san abin da zai gaya wa ma'aikatan asibiti.